Filin Malamin Lissafi: Ƙwayar Gero a Gida 64

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi girbi lafiya. Ni malamin ƙaramar sakandare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Hausa nake koyarwa, lissafi kuwa tun muna aji uku muka raba gari da shi. Ran nan bayan la'asar limaminmu ya ba mu labarin wani mai hikima a ƙasar Indiya da ya ƙago wasan shaɗaranji, wani wasa mai kama da dara da ake yi a kan allo mai gida 64. Sarki ya ce ya faɗi tukwicin da yake so, sai ya ce a sa masa ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na allon wasan, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Liman ya zaro wata tsohuwar takarda daga gafakarsa, an rubuta jimillar kamar haka: 18,446,744,073,709,551,615. Nan fa majalisa ta kaure da gardama. Wani dillalin hatsi da ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis ya ce in dai gero ne, tirela goma ta kwashe shi. Wani ɗalibi da ya zo hutu daga Dutse ya ce wannan lamba ba abin da ke raba ta, irinta ce Turawa ke nema ido rufe. Ni kuma na danna a wayata, ta nuna min 1.8446744e19, na rasa gane kanta. Malam, lambar Liman daidai take? Wace irin lamba ce? Kuma tsakanin dillali da ɗalibi wa ke da gaskiya?

Mai karatunku daga yankin Gumel, Jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Girbi alhamdu lillahi, gero ya yi, wake ne tsutsa ta ɗan taɓa mu. Ka gaida min Liman, ka ce masa takardarsa daidai take, ko alƙalami ɗaya bai kauce ba. Dillali da ɗalibi kuwa duk sun sha ƙasa, sai dai faɗuwar ɗalibin ta fi ba ni sha'awa, don ya taka gefen gaskiya ne ya zame.

Labarin tsoho ne. Ibnu Hallikan, alƙalin nan masanin tarihi da ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya kawo shi, ya kuma ce sunan mai hikimar Sissa. Shi kansa alƙalin da farko bai gamsu ba, kamar dillalinku, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya bi da shi daki-daki. Ya ce masa gida na 16 yana cin ƙwaya 32,768, a ɗauka awo guda ke nan. Ya yi ta ninka awo har gida na 40, ya ce wannan sito guda. A gida na 50 aka sami sito 1,024, ya ce a ɗauka gari guda. Da aka kai gida na 64 sai ga garuruwa 16,384, kowanne maƙil da hatsi. Wannan ma'aikaci ya iya koyarwa, don ya gane cewa mutum ba ya jin lamba a jikinsa sai an mayar masa da ita awon da ya saba.

Amma bari mu fara tabbatar da lambar tukuna. Ka share ƙasa a gindin bishiyar majalisarku, ka haƙa gurbi biyar da yatsa kamar za a yi dara. Masara za ka sa, gero ɓacewa yake a rairayi, kuma ka samu yaro ya tsare maka kaji. Gurbin farko ƙwaya ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu, na huɗu takwas. Tattara su a tafin hannunka ka ƙirga, za ka samu 15. To gurbi na biyar nawa zai ci? 16. Wato duk abin da ke baya in an haɗa shi, saura ƙwaya ɗaya tak ya kamo gurbin gaba, kuma ko'ina ka tsaya haka za ka tarar. Saboda haka ba sai ka tara gida 64 ɗaya bayan ɗaya ba. Gida na 64 shi kaɗai yana cin 9,223,372,036,854,775,808. Ka ninka shi, ka cire ɗaya, ga lambar Liman ta fito. In za ka faɗe ta da baki, ka ce biliyan sau biliyan har sau 18, da ɗoriya. Abin da wayarka ta nuna ma shi ne, e19 ɗin nan cewa take a matsar da ɗigon gaba sau 19. Sai dai yawancin kalkuleta alƙaluman da suke iya riƙewa ba sa wuce 15 ko 16, tamu kuwa 20 gare ta, don haka suke yanke mata wutsiya. Halin lamba kuwa da yawa a wutsiyar ake gane shi.

Yanzu ga dillali. Nauyin ƙwayar gero ya danganta da iri da kuma yadda damina ta kasance, amma mu ɗauka ƙwaya 1,000 giram 8 ce, tsaka-tsaki ke nan. A haka tiya mai kilo biyu da rabi za ta ci ƙwaya 312,500, buhu mai tiya 40 kuma ƙwaya miliyan 12 da rabi. Har gida na 19 ba a cika tiya a gida ɗaya ba. Sai a na 25 ake haura buhu guda. In aka kai rabin allo, wato gida 32, duk abin da aka zuba ƙwaya 4,294,967,295 ne, kimanin buhu 344, lodin tirela guda mai tan 30 da 'yan kai. Ka ga inda dillali ya samu ƙwarin guiwa: an ci rabin tafiya da mota ɗaya, to ina dalilin sauran rabin zai wuce mota tara? Abin da ya manta shi ne gida na 33 shi kaɗai ya fi duk 32 ɗin baya. Tirelolinsa goma a gida na 36 za su cika, alhali saura gida 28. Gida na 41 kaɗai buhu kusan 88,000 ne. Na 51 buhu miliyan 90. Jimillar duka ta kusa tan biliyan 148, lodin tirela kusan biliyan 5. Duk geron da duniya ke nomawa a shekara, da na Indiya da na Nijar da namu da dangoginsa, bai wuce wajen tan miliyan 30 ba, wato sai an tara noman shekara kusan 5,000 ba a sha ko kunu ba.

Da a kan dararmu mai gurbi 30 aka yi cinikin, da sarki ya biya ya shafa gemu: ƙwaya 1,073,741,823, buhu 86, abin da babban manomi ɗaya zai iya fitarwa. Ita ce dai lambar da ke fitowa a wasan nan na yara, in ba ka naira miliyan ɗaya yanzu ko in ba ka naira ɗaya yau, biyu gobe, har wata ya cika.

To sai babbar tambayarka, wace irin lamba ce. Ni a ganina kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya kallon tsawon lamba har ta ba mutum tsoro. In aka zo neman aure gidanka ai ba tsayin yaro kake aunawa ba, asalinsa kake sa a bincika. Ita ma wannan asalinta za mu bi, kuma mun riga mun san shi: ɗaya ce aka yi ta ninkawa har sau 64, aka zare ɗaya.

Tashin farko, mara ce ba cika ba, tunda an cire ɗaya daga abin da ya rabu biyu. Na biyu, da 5 ta ƙare, kuma ba a banza ba. Dubi ƙarshen lambobin ninki: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Wutsiyarsu zagaye take yi, 2, 4, 8, 6, ta sake komawa 2, 4, 8, 6. Duk ninki na huɗu da 6 yake ƙarewa, 64 kuwa huɗu-huɗu ne sau 16, don haka dole a ƙare da 6, a cire ɗaya ya zama 5. Nan kaɗai maganar ɗalibi ta rushe, don duk lambar da ta ƙare da 5, biyar na raba ta. Kashi ɗaya cikin biyar ɗinta 3,689,348,814,741,910,323 ne cif. In kuma ka tara alƙalumanta 20 ɗin nan, 1 da 8 da 4 da 4 har ƙarshe, za ka samu 87. Uku na raba 87, saboda haka uku na raba ta. Tara ba ta raba 87, saboda haka ba ta raba ta, ƙwaya 6 ke ragewa. In mutum bakwai za su raba, ƙwaya ɗaya ce za ta yi saura. In goma sha ɗaya ne, huɗu.

Liman zai ji daɗin wannan, don aikinsa ne. Da a ce wannan hatsi gado ne aka bari, sulusi zai fita ba tare da an fasa ƙwaya ba, 6,148,914,691,236,517,205. Rabi zai bar saura ɗaya, rubu'i uku, sudusi uku, tumuni bakwai. A yaren masu rabon gado, tsakaninta da 8 tabayuni ne, wato ba lambar da ke raba su duka biyun sai ɗaya, tsakaninta da 24 kuwa tawafuƙi ne da sulusi, wato uku na raba su duka biyun. Ko ushirin zakka aka zo fitarwa sai an ware ƙwaya biyar gefe. Nakan gaya wa abokaina malaman zaure cewa abin da suke yi wajen gyaran mas'ala shi ne ainihin abin da ake koya wa yara a aji da wani suna, sai su yi dariya su ce ina zolayarsu.

Haka nan ba murabba'i ba ce, wato ba wata lamba da za ka buga da kanta ta ba ka ita. Duk murabba'in da ya ƙare da 5, da 25 yake ƙarewa, kamar 25 da 225 da 625, tamu kuwa da 15 ta ƙare. Ƙwaya ɗaya ce ta hana ta, don in ka mayar mata da ɗayan da aka zare, ta zama 4,294,967,296 sau 4,294,967,296.

Yanzu mu farke ta gaba ɗaya. Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. 'Yan makaranta na ce musu firam, ni a filin nan gagara-raba nake kiransu. Kowace lamba a duniya ko dai gagara-raba ce, ko kuma an buga wasu gagara-raba da juna ne aka same ta, kuma hanya ɗaya tak ake samun ta. To su wa aka buga aka samu lambar Liman? Allon da kansa zai faɗa mana.

Layi takwas ne da shi, kowane layi gida takwas. Layin farko, daga 1 zuwa 128, jimillarsa 255. Layi na biyu ya fara da 256, kuma kowane gida a cikinsa ninkin na samansa ne sau 256, don haka layin duka 255 ne sau 256. Haka kowane layi har ƙasa, duk tarin 255 ne. Ashe ke nan 255 na raba jimillar allo, ba sai mun gwada ba. Yanzu sake jera gidajen layi biyu, 32 sama 32 ƙasa. Na sama mun san shi, 4,294,967,295. Na ƙasa shi ne na sama sau 4,294,967,296. In ka haɗa su, ka samu na sama sau 4,294,967,297. Lambar ta tsage biyu ke nan. Ka yi wa rabin farko irin wannan dabara, gida 16 sama 16 ƙasa, zai ba ka 65,535 sau 65,537. Ita 65,535 ta ba ka 255 sau 257. Ita 255 ta ba ka 15 sau 17, 15 kuma 3 sau 5. Ba kalkuleta, ba komai, mun fito da 3, 5, 17, 257, 65,537, da wata ƙatuwa guda, 4,294,967,297.

Wannan ƙatuwar tana da tarihi. Biyar ɗin farko duk gagara-raba ne, kuma duk gini ɗaya ne da su, ninki da ƙarin ɗaya: 2 da 1, 4 da 1, 16 da 1, 256 da 1, 65,536 da 1. Wani masanin shari'a a Faransa mai suna Ferma, wanda lissafi ya zame masa abin hira a lokacin hutunsa, ya lura da haka, ya rubuta wa abokansa a 1640 cewa yana kyautata zaton duk jerin haka yake har abada. Ta shida a jerin ita ce ƙatuwar tamu. Shekara 92 maganarsa na tsaye, sai a 1732 wani saurayi ɗan Suwizalan mai shekara 25, Oila, da ke aiki a Rasha, ya nuna cewa 641 na raba ta: 641 sau 6,700,417. Kana iya gwadawa a bayan littafin rajista, buga 6,700,417 da 600, da 40, da 1, ka tara. Kuma ba lalube ya yi ba. Daga baya ya tabbatar da cewa duk gagara-rabar da za ta raba wannan lamba sai ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. In ka jera irinsu za ka samu 193, 257, 449, 577, sai 641, ta biyar a layi. Tun daga ranar har yau ba a sake samun ko gagara-raba ɗaya a jerin Ferma ba bayan biyar ɗin farko, ga su kuwa duka biyar a cikin takardar Liman. A daidai wannan tsakanin ne kuma wani malaminmu, Muhammadu al-Katsinawi, yake rubutu a kan ƙa'idojin gina wafaƙi, irin hatimin da kowane layi ke ba da jimilla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ina ambatonsa ne don yaranmu su daina ɗauka cewa wasa da lambobi baƙon abu ne a ƙasar nan.

Ga asalinta ke nan a jere: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Gagara-raba bakwai, ba wadda ta maimaita kanta. Daga nan sauran bayani sauƙi ne da shi. Kowace lamba mai raba ta, wasu ne daga cikin bakwai ɗin aka ɗiba aka buga da juna, kamar 3 sau 17 da ya ba da 51, ko 5 sau 257 da ya ba da 1,285. Kowace cikin bakwai ɗin ko a ɗauke ta ko a bar ta, zaɓi biyu sau bakwai, 128 ke nan. Lambobi 128 ne kacal ke raba ta, har da ɗaya da ita kanta. Ga lamba mai alƙaluma 20, wannan ba yawa ba ne. Dubi 5,040, 'yar ƙarama da ita, amma masu raba ta 60.

Akwai kuma wani tsohon rabe-rabe da Girkawa suka fara, malaman Bagadaza irin su Sabit ɗan Ƙurra da ya rasu a 901 suka ɗauka suka faɗaɗa. A tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6 da ta fito daga 1 da 2 da 3, ko 28, ko 496. In ta haura, mai rara ce, kamar 12 da masu raba ta suka kai 16. In ta gaza, mai giɓi ce, kamar 10 da nata suka tsaya a 8. Lambar Liman mai giɓi ce, masu raba ta 127 in an haɗa su kashi 70 cikin 100 nata suke kaiwa.

Saura in wanke ɗalibi. Abin da ya ji gaskiya ne, lambobin da ake samu ta ninki a cire ɗaya, a cikinsu ake farautar manyan gagara-raba. Sunan wani malamin coci na Faransa, Mersen, da ya fitar da jerinsu a 1644, aka laƙaba musu. Allo mai gida 2 na ba da 3, mai gida 3 na ba da 7, mai 5 na ba da 31, mai 7 na ba da 127, duk gagara-raba. Amma ka ga abin da layi ya yi mana ɗazu: muddin gidajen allo za su jeru layi-layi daidai wa daida, jimillar layin farko za ta raba jimillar duka. Saboda haka sai yawan gidajen kansa ya zama gagara-raba kafin a sa rai, 64 kuwa ba abin da ya kai ta son rabuwa. Ko an cika wannan sharaɗi ma ba tabbas, allo mai gida 11 na ba da 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Da mai hikimar ya tsaya a gida na 61, da jimillar ta zama 2,305,843,009,213,693,951, wadda wani limamin coci a karkarar Rasha ya tabbatar a 1883 cewa ba abin da ke raba ta. Ka ce wa ɗalibin gida uku ne tsakaninsa da gaskiya, ya kuma riƙa duba wutsiyar lamba kafin ya buɗe baki a gaban manya.

TAMBAYA

Baba Malam, ina wuni. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Yayana da ke gyaran waya ya ce kwamfuta na da wata lamba da in ta kai ba ta iya wucewa, wai ita ce ƙarshen ƙirga. Malaminmu kuma ya ce lambobin firam ba su da iyaka. Ta yaya aka sani, tunda ba wanda ya ƙirga su duka? Na tambaya a aji aka yi min dariya.

'Yarku daga yankin Ɗambatta, Jihar Kano

AMSA

Lafiya lau, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Waɗanda suka yi dariyar ki tambaye su amsa, za ki ga an yi tsit.

Yayanki ya faɗi rabin gaskiya, kuma ki duba amsar da na ba Malam a sama, don lambar da yake nufi ita ce ta takardar Liman. A cikin waya ko kwamfuta lamba na zaune ne a wasu ƙananan makunnai, kowanne ko a kunne ko a kashe. Na farko darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, daidai da gidajen allon nan. In kina son 13, sai a kunna na 8 da na 4 da na 1. Makunni takwas in duk an kunna su 255 ne, shi ya sa hasken kowane launi a hoton waya daga 0 zuwa 255 ake auna shi. Wayoyin yanzu da ake ce wa masu bit 64, makunni 64 suke jerawa, in duk aka kunna sai su ba da 18,446,744,073,709,551,615. A ƙara ɗaya, ba sauran wuri, sai su koma sifili.

Wannan cikar ba wasa ba ce. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970, a ma'aji mai makunni 32 da aka ware ɗaya don alamar ragi, iyakarsa 2,147,483,647. Zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, kuma duk na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka an koma 1901. Ita ma 2,147,483,647 ɗin jimillar allo mai gida 31 ce, gagara-raba ce kuma, Oila ne ya tabbatar a 1772. Amma cikar ma'aji ɗaya ba ƙarshen ƙirga ba ne. Kwamfuta na haɗa ma'aji da yawa ta rubuta lambar da ta fi haka nesa ba kusa ba. Ƙirga dai ba shi da ƙarshe, duk lambar da yayanki ya kawo, ki ce masa da ɗaya.

Maganar malaminku kuwa, ba ƙirgawa aka yi ba, hujja aka kafa, kuma Yuklid ya rubuta ta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A ce wani ya zo da takarda ya ce ga duk gagara-raban duniya ya rubuce. Ki karɓa, ki buga su duka da juna, ki ƙara ɗaya. Sabuwar lambar nan, duk wadda kika ɗauko daga takardarsa kika raba ta da ita, ɗaya zai yi saura. To ko dai ita kanta gagara-raba ce, ko akwai wata gagara-raba mai raba ta da ba ta cikin takardar. Ko ta ina, takardarsa ba ta cika ba. Gwada da 2, 3, 5, 7: bugunsu 210, da ɗaya 211, sabuwar gagara-raba. Gwada har zuwa 13: za ki samu 30,031, wadda ba gagara-raba ba ce, amma 59 sau 509 ce, duka biyun kuma ba sa cikin jerin. Ki riƙe wannan misali na biyu, don ɗalibai da yawa na ɗauka cewa dole sabuwar lambar ta zama gagara-raba, ba haka hujjar ta ce ba.

Sanin cewa ba su ƙarewa daban, kamo su daban. A watan Oktoba 2024 aka gano wadda ta kere duk na gabanta, jimillar allo mai gida 136,279,841, alƙalumanta 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersen. In shafi ɗaya na cin alƙaluma 2,000, sai kin cika shafi sama da 20,500 kafin ki gama rubuta ta. Irin wannan ƙatuwa ba a aiki da ita, amma masu alƙaluma ɗari-ɗari suna aiki kullum. Ɗaya daga cikin hanyoyin kulle saƙo a intanet, wadda aka fito da ita a 1977, ta dogara ne a kan cewa buga manyan gagara-raba biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ki amsar a ce ki gano su wa aka buga, wannan ya gagari kwamfutocin da ake da su.

Ga aikin gida. Allo mai gida 13 na ba da 8,191, mai gida 23 na ba da 8,388,607. Ɗaya gagara-raba ce, ɗaya ba ita ba ce. Zan rage miki hanya: duk gagara-rabar da za ta raba ta farko sai ta zama ninkin 26 da ƙarin ɗaya, kuma ba sai kin wuce 90 ba, tunda 91 sau 91 ya haura 8,191. Mai raba ta biyu kuma sai ta zama ninkin 46 da ƙarin ɗaya. Ki aiko kafin fitowa ta gaba, da aikin a rubuce, ba amsa tsurarta ba.